Takabar Gwaggo Herminia

Gwaggona Herminia Quiroga gidan burodi gare ta a unguwar Boedo, cikin Buenos Aires, ita da Zulema, matar da suke zaman aure tun kafin a haife ni, ko da yake ba a taɓa ɗaurawa ba. Kamar kowa a garinmu, Gwaggo tana da likitan ƙwaƙwalwa, wani dattijo mai suna Baigorria. Duk Alhamis sai ta kakkaɓe fulawa, ta je ta miƙe kan doguwar kujerarsa tana zuba, shi yana zaune a bayanta.

Rashin barci ne ya kai ta. Amma ko ina hira ta nufa sai ya karkato ta wuri guda: wai gudun da ubanta ya yi ya bar su ne ya sa ta ƙi maza, wai uwa take nema a jikin Zulema. Takan dawo tana dariya, ta ce, "Zulema, yau ma an ce ke ce ciwona."

"To ki sha magani mana, tsohuwa," in ji Zulema.

Da ciwon daji ya ɗauke Zulema, Gwaggo ta je masa da kukanta. Ya bari ta lafa, ya ce, "Anya ba rabuwa da mahaifiyarki kike wa kuka ba?"

Ta tashi zaune, ta juyo suka haɗa ido.

"Likita, uwata na nan da ranta, jiya ma ta zage ni. Matata ce ta mutu. Da miji na binne da ka yi mini gaisuwa."

"Littattafanmu sun nuna cewa..."

"Wanda ya rubuta su ya taɓa cin abinci a gidanmu?"

Ta ɗauki jakarta ta fice.

Bayan wasu watanni sai ga shi a shago, hula a hannu, ya yi ta'aziyyar da bai yi ba. Ta ce za ta koma, amma a zaune, fuska da fuska, kuma kada ta ƙara jin zancen ubanta sai in ita ta ɗauko. Ya yarda. Ranar farko da ta koma, ya nemi ta ba shi labarin haɗuwarsu da Zulema.

Na tambaye ta ko ya gyaru.

"Bai iya ba tukuna," ta ce, tana jera burodi. "Amma yanzu yana saurare."