Kabarin Nana a Bakin Tekun Malaka

Ranar wata Juma'a a watan Sha'aban, shekarar da nake aji uku na firamare, muka binne ƙanwata Nana a wani ƙauyen masunta a jihar Malaka. Na tuna ƙasar wurin ja ce, jiƙe sharkaf, kuma daga inda muke tsaye ana jin teku yana dukan duwatsu. Maza ne duka, yawancinsu cikin zanen ɗaura da baƙar hula. Baƙi mu biyu ne kawai, ni da Baba.

Gidanmu a Kuala Lumpur yake, hawa na huɗu a wani tsohon bene a unguwar Pantai Dalam. Baba yana karatun digiri na uku, yana binciken yadda ake mulkin ƙauyuka a Malaka, 'yar ƙaramar jihar da Turawa iri uku suka mulka ɗaya bayan ɗaya har ta wayi gari ba ta da sarki. Duk hutu sai ya kwashe mu zuwa ƙauyen, mu sauka a gidan mai garin, wani dattijo da kowa ke kira Tok. Baba yakan zauna da shi a baranda suna maganar iyakokin gonaki da rabon wurin ɗaure jirage, ni kuwa na bi yara. Idan ruwa ya janye mukan shiga laka har gwiwa muna tonon kifin ɓawo. Da rana aikinmu korar hankaki da kyanwa daga ƙananan kifin da aka shanya a tabarma. Nana, wadda ba ta cika shekara uku ba, takan bi ni tana kiran "Yaya, yaya," da sandarta ta korar kyanwa wadda ta fi ta tsawo.

Zazzaɓi ne ya kama ta ranar Laraba. Kafin Juma'a ta rasu a asibitin gunduma. Tok ya ce ba za a ɗauki yarinyar da ta ci shinkafar gidansa a kai ta birni ba, ya ba da wuri a maƙabartar ƙauyen. Matan gari suka zo za su raka Umma, don su matansu suna zuwa maƙabarta. Umma ta ƙi, sai suka zauna da ita a gida. A wajenmu mace ba ta raka gawa.

Bayan an rufe ramin, Tok ya sa aka kawo duwatsu biyu masu faɗi, irin waɗanda suke kafa wa mace, aka ce za a rubuta sunanta. Baba ya yi godiya, ya ce, "Mu ba ma rubuta suna a kabari, Tok. Allah ya san inda take." Tok ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Allah ya sani, Malam. Yaron fa?" Baba ya kafa ice, ya kifa ɓawon kwakwa a kai, ya dafa kafaɗata ya ce da Hausa, "Ka riƙe wurin. Ka ba teku baya, doguwar kwakwar nan tana damanka." Na riƙe. A makaranta, a jirgin komawarmu Kano, har ranar da muka binne Baba, ban taɓa mantawa ba.

Bana karatu ya dawo da ni Kuala Lumpur. Da zan taso, abu ɗaya Umma ta roƙe ni, in je in tsaya a kan Nana, in gaya mata yadda wurin yake, tun da ita ba ta taɓa gani ba.

Na je. An cike bakin tekun da yashi, an yi titi da dogayen gidaje, har sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ruwa. Ƙauyen ya shiga ƙarƙashin hukumar birni. Tok ya rasu, wanda ya gaje shi saurayi ne mai ladabi da ke zaune a ofis. Ya raka ni maƙabartar da kansa. An kewaye ta da katanga, an faɗaɗa ta, babu kwakwa ko ɗaya. Kowane kabari da duwatsunsa da sunansa, a tsakaninsu kuma ciyawa. Na juya gabas, na juya yamma, na rasa inda zan ba baya. Ya tambaye ni sunan da ke kan dutsen. Na ce babu dutse.

Da yamma, a tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa, Umma ta kira. Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce, "To akwai inuwa a wurin?" Na ce akwai, an dasa itatuwa masu farin fure ko'ina. Ta ce, "To shi ke nan," ta kashe wayar ba sallama.

Da Baba ya ba ni ajiyar nan, ya zaɓi abin da yake ganin ba zai taɓa gusawa ba. Har yau ina iya nuna wurin daidai, in da tekun yana inda muka bar shi.