Katifar Soso Ba Ta Shan Rana

Mu da muka tashi a Katagum, rana ce maganin kayan ɗaki. Abin da ya yi tsami, a kai shi rana. Katifar rimi in ta kwanta, a shanya ta, a ba ta sanda, kafin la'asar ta kumbura kamar sabuwa. Haka na ga uwata tana yi, haka na yi har furfura ta rufe ni.

To, shekarar da wayar hannu ta fara shigo mana gari, mijin 'yata ta fari, mai sayar da yadi a kasuwar Azare, ya aiko mini da katifar soso a saman mota. Kyautar suruki ba abin wasa ba ce. Na ce wannan katifa sai ta ga gata.

Gatan da na sani shi na yi mata. Na zare rigarta na wanke, ita kuwa na sa aka ɗora ta a kan kwanon ɗakin girki, tun hantsi har la'asar. Ba sau ɗaya ba, duk Talata da Juma'a, cikin tsakiyar bazara. Da fari fara ce kamar nono. Sai ta koma ruwan ɗorawa, na ce kyau take ƙarawa. Sai ta yi ja kamar ƙuli. Ran nan na shafa ta, sai ga gari a tafina, tana zuba kamar tsaki. Har kaji suka taru a kai, suka ɗanɗana, suka watse.

Maƙwabciyata malamar asibiti ta leƙo ta gani. Ta ce soso ba auduga ba ne, ɗan'uwan roba ne, haske yana cin fatarsa, zafi yana tsotse ƙarfinsa.

"Iya, ai gasa ta kika yi," in ji ta.

Ana haka aka ce surukin nawa yana tafe gaisuwar Salla. Mutumin da ko sunansa ban taɓa kira ba, da wane ido zan dube shi? Na mayar wa katifar da rigarta, na lulluɓe da zanen gado biyu.

Ya zo tare da 'yata, ya tuɓe baƙin takalminsa mai sheƙi a ƙofar ɗaki, ya durƙusa, muka gaisa. Da ya tashi tafiya ya zura ƙafa a takalmin ya ɗaga, sai saman ya bi shi, ƙasan ya zauna. Muka duba, ga baƙin garin ƙasan takalmin tun daga zaure. 'Yata ta toshe baki da mayafi. Ta ce shekara da shekaru yana adana takalmin a kwali, can saman sif dab da kwanon rufi, wai sai babbar rana.

Nan na ji zuciyata ta sauka. Na ce wa 'yata ta yaye zanen gadon, ta zare rigar katifar.

"Faɗa masa, nawa a rana ya ƙone, nasa a inuwa."

Ya daɗe a sunkuye, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Can ya ce, "Iya, ashe malaminmu ɗaya."

Da silifan alwalar Malam, maigidana, ya koma Azare. Katifar kuwa muka yanke gefen da ya ƙone, sauran na kwana a kai shekaru. Rigarta kaɗai nake kaiwa rana.