An San Su

Mahaifinmu yana da shagon kayan ɗinki a Kawo, dab da bakin tasha, inda yake sayar da zare da allura da maɓallai da zik. Mu uku ya haifa, duk mata: Yaya, da ni, da Auta. Mutane sun yi ta yi masa jaje a kan haka har suka gaji, shi kuwa yana amsawa da fara'a kamar barka ake yi masa. Da an tashe mu daga makaranta shago muke wucewa, har aka aurar da Yaya a Unguwar Kanawa, ni da Auta muka ci gaba. Idon Baba ya yi rauni da wuri, don haka shi ke zaune a ƙofa yana hira da teloli, mu ke hawa kanta muna sauko da kaya.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, kamfanin da ke kawo zare ya ce ba zai ƙara ba kowa sari kai tsaye ba sai mai rajista. Baba bai taɓa shiga ofishin lauya ba, amma ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ran Talata, ya hau bas zuwa cikin gari. Labarin abin da ya faru a can daga bakinsa muka ji, kuma ya sha maimaita shi har muka haddace.

Ofishin a saman bene yake, da fanka, da littattafai masu jan bango jere a kabad, da wata hular gashi fara a kan ƙusa wadda Baba ya ɗauka abin kakkaɓe ƙura ce. Lauyan matashi ne da bai daɗe da dawowa daga Ingila ba, Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe da Turanci. Ya tambayi Baba sunan da za a sa wa kasuwancin. Baba ya ce a sa sunansa, a ƙara da 'ya'yansa, tunda su ke wahalar wurin.

"Wato *an sans*," in ji lauya, yana rubutawa.

"An san su mana," in ji Baba. "Duk Kawo an san su."

Lauya ya ɗauka an yarda, Baba ya ɗauka an yabi 'ya'yansa, suka yi musabaha kowa yana ganin ya haɗu da mai hankali.

Da takardar rajista ta fito ni aka ba in karanta, ni da ke sakandare. Na gaya wa Baba cewa kalmar da aka rubuta a Turance 'ya'ya maza kaɗai take nufi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ya koma a gyara. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi da Hausa ya faɗa, kuma a Hausa 'ya'ya 'ya'ya ne, in Bature ya ga dama ya raba nasa gida biyu wannan ya rage nasa. Duk da haka ya koma, don na dame shi. Lauya ya ce masa haka ake rubutawa a duk duniya, kuma kamfanoni sun fi ganin girman suna in yana da wannan jela. Baba ya dawo ya kira mai fenti, aka yi allo kore da farin rubutu, aka kafa a saman ƙofa. Ya ce duk wanda ya shigo shagon yana da ido, zai ga su waye a ciki.

Bayan 'yan shekaru Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati, yana zaune a Kinkinau da 'ya'ya maza zalla. Shi ya tsaya a kan komai na jana'iza, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya tsaya da gaske. Ya jira har Inna ta fita takaba, sannan ya zo wata Asabar da hantsi ya zauna a zaure, aka kira mu.

"Matar wana," in ji shi, "kin san marigayi mutum ne mai hangen nesa. Ba a banza ya je har wurin lauya ya rubuta cewa shagon nan nasa ne da 'ya'yansa maza ba."

"Waɗanne mazan, Malam?" in ji Inna daga bayan ƙofa.

"Ɗan ƙani ai ɗa ne. Yarana nasa ne. Su yake nufi, kunya ce ta hana shi faɗa miki."

Yaran nan nasa, tunda nake ban taɓa ganin ɗayansu ya riƙe tsintsiya a shagon ba. In sun zo Kawo, zuwa suke su karɓi na mota su wuce sinima. Na buɗe baki, Yaya ta matse min hannu. Baffa ya juyo ya dube mu da tausayi, ya ce mu kwantar da hankalinmu, mu ma 'ya'yansa ne, ba zai bari mu wulaƙanta a bakin tasha ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ya yarda da maganarsa har zuci.

Inna, wadda ba ta taɓa hawa bene ba, ta yafa mayafi ta ce in raka ta wurin lauyan. Muka same shi ya yi ƙiba, fankar ta zama biyu. Ya saurare mu da ladabi, ya duba takardar, ya yi murmushi.

"Mama, ki daina damuwa. Wannan kalmar ba ta da wani ƙarfi a shari'a. Ado ce kawai. Marigayi shi kaɗai ne mai shagon a rubuce."

"To ɗana, in ba ta da amfani me ya sa ka rubuta?"

"Haka ake rubutawa, Mama."

Ya ce maganar gado ta kotun alƙali ce, shi ba ya tsayawa a can, ya raka mu har bakin matakala. Muka sauko Inna tana dafa bango tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin sana'ar da ake biyan mutum ya ƙulla, a sake biyansa ya ce ba ƙulli ba ne.

Alƙali tsoho ne, bai ko kalli Turancin ba. Ya ce gado Allah ya riga ya raba: mata tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, 'ya'ya mata suna da kashi biyu cikin uku, abin da ya rage na ɗan'uwan mamaci ne. Wato Baffa yana da haƙƙinsa, amma shago bai zama nasa ba. Aka turo mutane suka ƙiyasta kayan da ke kanta. Da aka zo fitar da rabon Baffa, muna tsoron ya ce a sayar da wurin a raba, sai ya ba kowa mamaki. Ya ce a ba shi 'yan kwalayen zare, a haɗa masa da allon ƙofa da takardar rajista, ya yafe sauran.

Inna ta amsa tun kafin ya rufe baki. A hanyar gida ni da Auta har da riƙe ciki don dariya. Mutum ya bar kanta cike da kaya ya ɗauki katako. Da yaransa suka zo da tsani suna cire allon, ni na miƙa musu filaya da hannuna, ina yi musu sannu da aiki.

Ba mu daɗe muna dariyar ba. Baffa ya kama shago a tsallaken titi, daidai saitin namu, ya kafa allon. Ya hau benen nan shi ma, lauyan da ya ce mana kalma ado ce ya bayyana masa cewa sunan kasuwanci dukiya ne kamar kowace dukiya, ana gadonsa, ana mayar da shi hannun wani. Ya yi masa takardun tsaf, babu kuskure ko ɗaya, don lauya ne mai ƙwazo. Da motar kamfani ta zo ƙarshen wata, direba ya duba suna, ya tsaya inda sunan yake. Na tsallaka na ce masa shekara da shekaru ni nake karɓar kayan nan daga hannunsa. Ya ce ya sani, ranki ya daɗe, amma shi suna aka ba shi ya kai wa kaya.

Na sake komawa wurin lauya ni kaɗai, na ce a yi mana rajista da sunan mahaifinmu. Ya ce ba a yi wa shago biyu suna ɗaya, sunan yana da mai shi. Ya ba ni shawara in zaɓi wani mai daɗi, wai akwai irin su tauraro ko alheri. Na ce masa ni sunan ubana nake so, ba na neman mai daɗi. Ya ce ya fahimta, kuma ya yi min ta'aziyya karo na biyu. Daga nan muka koma sayen zare a hannun 'ya'yan Baffa, su kuwa suna yi mana ragi saboda zumunci, suna kuma tabbatar da mun san sun yi.

Telolin Kawo ba su bar mu ba, su da suka san hannun da ke zaɓo musu kaya, don haka ba mu rasa abinci ba. Ƙofarmu dai ta zauna babu allo. Inna ta hana a sa wani, mu ma ba mu matsa ba.

Wata rana da rani wani dattijo ya sauka daga motar Zariya, muna kallonsa ya tsaya yana karanta allon da ke tsallake, ya cire takalmi ya shiga. Muka hango an shimfiɗa masa tabarma, ya ɗaga hannu yana addu'a, 'ya'yan Baffa sun sunkuyar da kai suna shafawa. Can sai ga shi ya tsallako wurinmu da ɗan ƙyalle a hannu, shuɗi mai duhu da ya ɗan ja zuwa kore. Ya ce yana neman zaren da zai hau wannan, an duba masa a can ba a dace ba.

"Ba laifinsu ba ne," in ji shi, yana zama a bencin Baba. "Yara ne, kuma maraici bai sake su ba. Ubansu abokina ne tun muna koyon ɗinki a Zariya, sai bana na ji rasuwarsa. Na ce ko ba komai in zo in ga 'ya'yansa. Za su koya, abin a jininsu yake."

Auta ta karɓi ƙyallen ta kai bakin ƙofa wurin haske, ta hau kanta ta sauko da zare ɗaya ta ɗora a kai. Dattijon ya kusantar da shi ga idonsa, ya juya, ya gyaɗa kai.

"Ikon Allah. 'Yata, wa ya koya miki?"

"Babanmu."

"Ya iya koyarwa. Allah ya yi masa albarka." Ya miƙe yana sa zaren a aljihu. "In kin koma gida ki gaishe shi."

Auta ta ce, "Zai ji."