Kwikwiyon da aka ba ni in duba

Ina shekarata ta uku da fara koyarwa a makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu, kusa da Abu Hujar, mudira, wato shugabar makarantar, ta aiko a kira ni ofis ana tsakiyar hutun fatur, lokacin karin kumallo. Na tarar da ita da kwanon wake a gabanta ko taɓawa ba ta yi ba. A jikin bango wata yarinya 'yar aji huɗu tana tsaye tana kuka ba sauti. A kan tebur kuma ga wata 'yar na'ura ruwan hoda, ba ta fi tafin hannuna ba, mai buɗewa kamar littafi.

"Haushi ya yi," in ji mudira. "Ana cikin darasin lissafi, sai ga haushin kare daga jakar wagga yarinya."

Kawun yarinyar ne ya kawo mata tsaraba daga Saudiyya, na'urar wasa ce ta hannu, kuma a cikinta akwai ɗan kwikwiyo da ake reno. Mudira ta riga ta aika wa uban. Ya ce yana fama da ban ruwan albasa a bakin kogi, sai Lahadi mai zuwa zai zo, kuma in abin banza ne a ba shi ya jefa ruwa kowa ya huta.

"Ke ce mai ƙuruciya cikinmu," mudira ta ce da ni. "Tafi da shi, ki duba shi da kyau, ki gaya muna gaskiya."

Na karɓa ba tare da wata fargaba ba. Na san zan iya gane abin da ke cutar da yaro da wanda ba ya cutarwa, aikina ke nan.

Da la'asar na zauna a inuwar darbejiyar gidanmu na buɗe. Fuska biyu gare ta, sama da ƙasa, da wani ɗan tsinken roba da ake zarowa daga gefe. Kwikwiyon ja ne mai faɗin kunne. Ya taho da gudu ya ɗora ƙafafunsa a jikin gilashi yana kaɗa wutsiya. Na goga masa tsinken a ka, ya lumshe ido. Na gangaro wuya, ya kwanta ya ba ni ciki. Wanda ya zana shi ya zauna da karnuka, wannan ba shakka. Har yadda yake karkata kai in bai gane abu ba daidai ne.

Rubutun duk Turanci ne, amma hotuna sun wadatar: kwano, ruwa, sabulu, igiya. Cikin kwana biyu na iya komai. Wanka ya fi daɗi, kumfa tana tashi yana girgiza jiki. Fita yawo kuwa gajiya ce kawai, titi ɗaya, gidaje iri ɗaya masu jan rufi, ba akuya ba jaki ba kowa, ka yi ta jan igiya har ka dawo. Batirin ma ba ya jimiri, sau biyu ina kai ta shagon mai sola.

Abu ɗaya ya gagare ni. Akwai hoton baki a kusurwa, alamar ana yi masa magana ya ji. Na kira shi da Larabci, na ce ya zo, na ce ya zauna. Ya kalle ni ya yi hamma.

Washegari na tsayar da yarinyar bayan an tashi.

"'Yata, karen naki kurma ne?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Ba shi jin Larabci, Ustaza. Hausa nika yi mai."

Na yi mamaki, don ban taɓa jin Hausa a bakinta a filin makaranta ba, ita da ƙawayenta duk Larabci suke zubawa. Ta ce ranar da take koya masa, kakarta na kusa tana tsince waken suya, ita ta ce in dai a gidanta zai zauna, to ya ji maganar gidan. "Taho" da "zamna" da "kwanta", duk tsohuwar ce ta zaɓa.

Sai na tambaye ta abin da ya sa ta kawo shi aji.

Fuskarta ta canza. Ɗiyar kawunta, wadda ta fara riƙe na'urar, ta gaya mata cewa in rana ta yi tsaka bai ci ba, mutuwa zai yi, kuma ba ya dawowa. Sati uku ke nan tana ɓoye shi a jaka, lokacin fatur ta zagaya bayan aji ta ba shi abinci, tata gurasar kuma ta koma gida da ita.

"Ustaza, kin ba shi yau?"

"Na ba shi."

A gida na gwada Hausar. Bai kula ni ba sai da na siranta murya kamar ta yarinya, na ce "zamna", ya zauna daram. Innata ta fito daga madafa ta same ni a haka, ta tsaya ta dube ni, ta koma madafarta.

Maganar mutuwar ce ta tsaya mini. Ban yarda masu yin wasan yara za su kashe wa yaro dabbarsa don ya tafi makaranta ba, amma ba zan tsaya gaban uba in faɗi zato ba. Ranar Alhamis da rana na ciyar da shi, na kashe na'urar, na sa a ƙasan akwatin tufafina. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai na ga hannuna a kan murfin akwatin. Na janye. A nan na gane inda wasan yake da ƙarfi: ni da na haura ashirin da biyar, ga ni ina jin nauyin hoto.

Lahadi da safe na buɗe ni kaɗai kafin in fita. Yana nan. Ya yi duƙun-duƙun, ƙuma na tsalle a bayansa, ya kwanta ya juya mini baya. Ban ba shi komai ba, na rufe na tafi da shi haka.

Uban ya zo da laka a ƙafa, rawani a kafaɗa. Muka gaisa, aka kira yarinyar. Na miƙa mata na ce ta buɗe.

"Kwana uku bai ci ba, bai sha ba. Duba."

Ta duba, ta ce "taho". Ya tashi ya taho.

Sannan na juya wurin uban. Na ce wasan ba ya da batsa, ba duka ba zagi, kuma yana koya wa yaro ya tuna da cikin wani. Aibinsa shi ne ya iya sa tausayi, yaro kuma ba ya rarrabe fushin hoto da na mai rai sai an nuna masa. Yawonsa ɓata lokaci ne. Kwikwiyon ba ya girma, ba ya ciwo, don haka wata biyu uku za ta ƙoshi da shi da kanta. Shawarata a bar mata, bayan la'asar, in ta gama aikin gida, kuma kada ya sake taka makaranta.

Ya karɓi na'urar ya nisanta ta da idonsa. "Ustaza, kare ne fa. Batun tsarki?"

"Baba, yana bayan gilashi. Ba abin da zai lasa."

Mudira ta yi dariya har ta dafa tebur. Shi ma ya murmusa, ya miƙa wa 'yarsa, ya ce in ya ƙara jin an yi haushi a aji, shi da kansa zai kai shi kasuwa. Ya yi sallama ya koma wurin injin ban ruwansa.

Mudira ta ba yarinyar izinin ciyar da shi sau ɗaya a nan ofis. Ta ba shi ruwa, ta ba shi abinci, ta wanke shi tas, muna tsaye a kanta mu biyu muna kallo. Da ta gama ta ɗago ta dube ni.

"Ustaza, duk satin nan ba ki taje mai gashi ba ko sau guda."

Ban ma san akwai mataji a ciki ba. Ta nuna mini inda yake, a ƙarƙashin hoton sabulu, sannan aka buga ƙararrawa muka tafi aji.