Dattijon da Ya Ƙi Danna "Na Yarda"

A shagon kwamfuta na Bahijja da ke Ƙofar Mazugal, wani dattijo yana zaune tun hantsi. Ba ta san sunansa ba. Babbar rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya, yatsunsa kuwa sun rine da shuni, da alama a marina ya tsufa.

'Yarsa ce ke kwance a asibiti a Masar, an aiko masa da sakamakon gwajinta ta intanet. Takardar ba ta buɗuwa sai an sa wa kwamfutar manhajar karanta PDF. Bahijja ta sauke manhajar, saura abu ɗaya: wani dogon sharaɗi da ƙananan haruffan Turanci, a ƙasansa ɗan akwatin da mutum zai danna ya ce ya yarda. Ta kai hannu, ya tare ta.

"Baba, kowa dannawa yake, ba a karantawa."

"Haka aka ce mini zamanin soja," in ji shi, bai ko dube ta ba. "Na dangwala yatsa, marinar ubana ta zama ta wani. Karanta mini, 'yata."

Ta fara, Turancin lauyoyi ya fi ƙarfinta tun a layi na uku.

Ga shi nan har azahar, gumi na bin wuyansa. Ya kasa tashi, ya kasa dannawa. Labarin 'yarsa na bayan akwatin nan, yatsansa mai shuni na kan linzamin kwamfutar.