Katin Bikin Raƙiya da Randar Almustafa

Shekara ashirin Almustafa yana buga wa mutanen garin Tawa takardunsu. Da gyaran rediyo ya fara a Kalfu, ya koma fotokofi a bakin lisé, wato makarantar sakandare, har ya kai ga sayo ƙaton injin mai buga launi, kwancen Kwatano, wanda sai da aka fasa ƙofar shago kafin ya shiga. Da wuya ka sami gidan da ba a liƙe katin biki ko na suna mai ɗauke da sunan shagonsa a ƙasa ba. Mutum ne mai hannu, amma ga taurin kai, kuma bai taɓa yarda cewa inji ya fi shi wayo ba.

To, sai da aka zo katin auren 'yarsa Raƙiya injin ya ga damar yi masa wulaƙanci. Katin ya fito tsaf, ruwan zinariya da kore, amma yana shafa shi da yatsa sai gefen dama ya goge, sunan ango ya koma dabbare-dabbare. Gefen hagu kuwa ko da farce ka kankare ba ya motsi.

Ranar Talata ce. Ranar Alhamis motar dangin ango za ta koma Tebaram, kuma da katin za ta tafi. Matarsa Sauda ta leƙo shagon, ta duba yatsansa da ya yi kore.

"Malam, in bai hito ba jibi da hantsi, wurin Salisu za ni kai shi," in ji ta.

Salisun nan shi ma mai buga takardu ne, shagonsa na tsallaken titi, kuma shekara tara ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su. A ce katin 'yar Almustafa ya zaga gari da sunan Salisu a ƙasa? Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya ce matsalar daga fur take, wato ɗan tanderun cikin injin da ke gasa garin tawada ya kama takarda. Ya ƙara zafi, aka ci gaba da gogewa. Ya rage gudu, haka. Ya ce ƙarfin wuta ne, ya tada janareto, ya sha hayaƙi a banza. Ya zagi mai sayar da tawada, ya zagi wanda ya sayar masa da injin a Kwatano har da wanda ya yi masa dillanci. Daga nan ya kwance fur ɗin, ya goge robar da ke matse takarda, ya daidaita sifirin na dama da na hagu, ya mayar. Kati goma sha biyu suka sake lalacewa. Ya kuma kwancewa, gumi na ɗiga a gemunsa. Abu ɗaya ne bai yi ba, gwada wata takardar, don wannan kwalin shi ya zaɓo shi da kansa, kuma a ganinsa abin da ya zaɓa ba ya laifi.

Laraba da la'asar Sauda ta kawo masa fura. Ta ɗauki kwali ɗaya don ta yi fifita, sai ta tsaya.

"Takardar ga mi ya sa take da sanyi haka? Ina ka aje ta?"

"Bayan randa mana. Wata biyu tana can, don kar zahi ya ɓata ta."

Yana faɗa ya gane inda matsalar take. A Tawa duk abin da kake ji da shi gindin randa kake kai shi, goro ne, magani ne, man shanu ne. Shi ma da ya sayo kwalin nan mai tsada, can ya jingina shi, kullum da safe kuma yana jiƙa buhun da ke naɗe da randar. Gefen da ke jikin buhun ya sha danshi, tawada kuwa ba ta kama jiƙaƙƙiyar takarda.

Suka shanya sauran a tabarma kamar kuɓewa, suka danne da littattafai. Alhamis da sassafe ya kunna inji, sai ga jan haske. A kwancewa ta biyu ya tsinke siririyar wayar da ke auna zafi, irinta kuma sai Yamai. Yanzu kam injin ya lalace da gaske, da hannun mai shi.

Bai bari Sauda ta je ba. Da kansa ya rungumi kwalin ya tsallaka titi, yana jin kamar duk 'yan kabu-kabu shi suke kallo. Salisu bai yi dariya ba, abin da ya ƙara ƙular da shi ke nan. Ya karɓa, ya buga, kati ɗari biyu da tamanin suka fito ba tabo.

Almustafa ya shafa da yatsa, bai goge ba. Ya kai ido ƙasa, inda ake sa sunan shago, ya ga nasa sunan ne.

"Ɗiyarka ta, kuma aikinka na," in ji Salisu. "Ni wuta kaɗai na ara maka."

Almustafa ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya ce, "Koren ga ya yi duhu."