Ɗan Juma Na Tungar Marke

Kafin a tare gulbi a Bakolori, in ka ce "Ɗan Juma" tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun, sai an tambaye ka wanne. Su uku ne suka yi suna. Akwai Ɗan Juma Sarkin Pawa na kasuwar Mafara, mai ƙaton tumbi da dariyar da ake ji tun daga kara, wurin cinikin shanu. Akwai Ɗan Juma Dambe na Bakura, bahago, wanda ya sha kwantar da mazaje bayan kaka. Na ukun kuwa ba sarauta, ba makaɗi, mai fito ne kawai a wani mashigi a ƙasar Maradun. Shi ake ce wa Ɗan Juma Na Tungar Marke.

Tungar Marke ba wani gari ba ce da za a yi alfahari da ita. Gidajenta ba su kai talatin ba, sai masallacin ƙasa da wani tsohon marke a bakin ruwa, inda Ɗan Juma yake ɗaure jirgin da ya gada wurin mahaifinsa. Amma wayyo, daɗin wurin! Fadama kore shar har tsakiyar rani, albasa da dankali, kifi ba a saye. Ranar jajibirin kasuwa sai ka ga jirgin nan maƙil da buhunan gero da ƙoren nono, shanu kuma suna iyo a bayansa. Shi ke riƙe da igiyar na gaba, yana yi masa wani ɗan fito da baki, duk tsaurin kan sa sai ya bi shi kamar ɗan akuya.

Wurin ƙetare da shanu ne suka saba da Sarkin Pawa. Tun ranar farko ba wanda ya ƙara kama sunan wani, sai "Takwara". Sarkin Pawa kan aiko masa da kan sa da salla, shi kuma ya aika da busasshen kifi.

Sai ga manyan motoci, ga masu awo suna kafa ƙarafa a gonaki. Aka ce ruwa zai zo har nan, kowa ya tashi. Ɗan Juma ya yi dariya har da buga cinya. "Ni za a ba tsoro da ruwa? Ni da anka haifa bakin gulbi?"

Ruwan bai yi gardama da shi ba. A hankali ya zo, ya ci fadama, ya ci gidaje, ya ci masallaci da maƙabarta. Marken ne ya daɗe, rassansa na sama suna leƙowa har shekara biyu, sannan ya bushe a tsaye. Mutanen gari suka watse, wasu Faru, wasu Ruwan Gizo, wasu wurin dangi a Bakura. Ɗan Juma da matarsa Batulu suka sauka a gefen Mafara. Jirgin ya kife shi a bayan ɗaki, kaji suka mai da shi wurin ƙwai.

A shekarun nan sunaye ma sun canza. Ɗan damben Bakura ya kwance zare, ya kama aikin gadi a wurin dam, kafin a yi haka ya koma Ɗan Juma Gadi, bai kuma damu ba. Namu kuwa Sarkin Pawa ya aika aka kira shi, ya ba shi aikin jan shanu daga kara zuwa mayanka, tunda ya san bakinsu.

To, ga Ɗan Juma biyu a rumfa ɗaya. Mahauta kuma ba su da haƙurin dogon suna. Sai suka yanke shi, suka mai da mutum mai furfura Ɗan Juma Ƙarami. Ya ƙi amsawa. A kira shi sau goma, ko ɗaga kai ba ya yi. Suka ce girman kai ne, suka ƙara ƙaimi don tsokana.

Wata Talata da hantsi, kasuwa ta cika, wani jan sa ya tsinke igiya. Ya banke rumfar masu tumatir, ya nufi layin masu fura, mata suna salati suna zubar da ƙore. Mahauta suka ɗauki ihu: "Ƙarami! Ɗan Juma Ƙarami! Tare shi!" Mutumin naka yana tsaye, hannu a baya, yana kallon sama. Wallahi ko gezau. Sai da Sarkin Pawa ya fito da gudu, tumbi na rawa, ya ƙwala: "Na Tungar Marke!" Nan take ya zabura, ya sha gaban san, ya yi masa ɗan fiton nan. Sa ya tsaya yana huci, ya sa masa igiya.

Da kasuwa ta lafa, Sarkin Pawa ya ja shi gefe, ransa a ɓace. "Haba Takwara! Da an rasa rai fa? Saboda suna? Garin nan babu shi, ruwa ya cinye."

"Na yi laifi, Takwara, Allah shi yafe min," in ji Ɗan Juma, idonsa ya kawo ruwa. "Amma kai ma ka faɗi, babu shi. Masallacinmu na ƙasan ruwa, kabarin uwata na ƙasan ruwa. Ba inda sunan garinmu ya saura sai bayan sunana. In na amsa wani, wa za ya ƙara faɗin shi?"

Sarkin Pawa da kansa, shi ya je ya ba masu tumatir da masu fura haƙuri. Washegari ya tara mahauta ya ce duk wanda ya sake cewa Ƙarami, ya nemi wata rumfa. Shekara goma sha shida ana kiran Tungar Marke a mayankar Mafara safe da rana, galibi daga bakin mutanen da ba su taɓa ganinta ba.

Ɗan Juma ya rasu da damina, ranar Litinin. Da Talata ta zo, Sarkin Pawa, wanda tsufa ya riga ya zabge masa tumbi, ya sa aka yi shela a kara da tashar mota, ya ce a faɗi sunan cikakke. 'Yan kasuwa suka kai labari ƙauyuka.

Ranar sadakar uku sai ga su. Tsofaffi daga Faru, daga Ruwan Gizo, daga Bakura, wasu rabonsu da juna tun tashin gari. Ba wanda ya shirya, amma kowa ya nemi maƙwabcinsa na da ya zauna kusa da shi, har tabarmi suka jeru yadda gidaje suke jere a bakin gulbi. Batulu tana cikin gida tana jin gaisuwarsu ta bayan zana, tana gane kowace murya, tana kuka.

Sambo, wani dillalin shanu da ya shekara yana kiran mamacin da sunan nan, ya sunkuyo wurin Sarkin Pawa. "Ranka shi daɗe, wai ni ina ne Tungar Marken nan?"

Tsohon ya share ido da bakin riga, ya nuna masa tabarmi. "Ga ta nan zaune," ya ce. "Mutum ɗaya ne bai zo ba."